Masu son zuwa Berlin ziyara, ga abin da ke bayan takardar gayyata

Tun da zama ya kawo ni Berlin, babu roƙon da ya fi yawan shigowa wayata kamar "don Allah ka turo mini takardar gayyata". Yawancin masu roƙon sun ɗauka wasiƙa ce ta layi uku da zan rubuta bayan isha'i in tura ta WhatsApp. Ana iya rubuta irin wannan, sai dai ba ita ke ɗauke wa baƙo nauyin nuna kuɗin guzuri a ofishin jakadanci ba. Mai wannan aikin ita ce wadda Jamusawa ke kira Verpflichtungserklärung, kuma a gaban hukuma ake sa mata hannu. Mai gayyata zai nemi ranar ganawa a hukumar shige da fice ta birnin, ya je da fasfonsa da katin izinin zama da takardun albashin watannin baya, ya biya Yuro 29. Za a lissafa albashin, a cire abin da shi da iyalinsa ke buƙata, a ga ko saura zai riƙe baƙo.

Abin da mutum ke sa wa hannu ba ƙarami ba ne. Ya ɗauki cin baƙon da kwanansa da kuɗin asibitinsa, har da kuɗin mayar da shi gida da ƙarfi idan ya ƙi komawa, kuma dokar zama ta Jamus ta ce alkawarin yana bin wuyansa har shekara 5. Shi ya sa idan ɗan uwanka na nan ya yi jinkirin amsa maka, kada ka yi saurin cewa Turai ta canza shi. Lamuni ne yake shirin tsaya maka.

Bizar ziyara ita ce ta Shengen, mai ba da damar zama har kwana 90 a cikin kowane kwana 180, a ƙasashen Turai 29 da suka buɗe iyakokinsu ga juna. Tun watan Yunin 2024 kuɗinta Yuro 90 ne ga babba, 45 ga yaro mai shekara 6 zuwa ƙasa da 12, kuma ko an hana ba a mayarwa. Ana son fasfon da aka yi cikin shekara 10 da suka wuce, mai shafi biyu babu komai, wanda zai ƙara aƙalla wata uku da rai bayan ranar dawowa. Sai inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000. Ana karɓar takardu tun wata shida kafin tafiya, amsa kan fito cikin kwana 15, wani lokaci ta kai 45. Wahalar tana wajen samun ranar ganawar kanta, musamman gab da hutun bazara, don haka mai niyyar zuwa a Yuli ya fara motsi tun ana sanyi. Kuma ƙasar da za ka fi daɗewa a cikinta ita ake nema wa biza. Dabarar nan ta karɓar ta wata ƙasa don an ce ta fi sauƙi, sannan a wuce Jamus, takan watse a gaban jami'in iyaka.

Duk tulin takardun nan tambaya ɗaya suke amsawa: wannan mutumin zai koma? Takardar hutu daga wurin aiki, rajistar kasuwanci, shaidar aure da ta haihuwar yara, asusun banki da ke motsi wata da wata, su ne ke magana. Asusun da ya kwana babu komai ya wayi gari da maƙudan kuɗi mako ɗaya kafin ganawa, jami'an sun ga irinsa har sun gaji. Tun 1 ga Yulin 2025 kuma Jamus ta daina karɓar wasiƙar ƙorafi da a da ake rubuta wa ofishin jakadanci idan an hana mutum. Yanzu ko dai a sake nema daga farko, ko a shigar da ƙara a kotu a Berlin.

Ni da bizar dogon zama na shigo, wadda ake bai wa masu aiki da karatu da haɗuwar iyali, kuma ƙofarta daban ce tun daga gida. Ina nanata wannan ne saboda masu cewa "bari dai in shigo, sai a gyara takardu a can". Bizar ziyara ba ta ba da izinin aiki, kuma in ban da wasu 'yan yanayoyi ba a juya ta ta koma izinin zama. Wanda ya wuce wa'adinsa ya shiga laifi, babu hayar gida da sunansa, babu asusun banki, ciwon haƙori ma sai ya yi tunani kafin ya nemi likita.

Ko mai takardu cikakku sai ya ji jiki a watannin farko. Doka ta ba mutum kwana 14 bayan tarewa ya yi rajistar adireshinsa, abin da kowa a nan ke kira Anmeldung, kuma ba a yi sai da takardar mai gida. Gida kuwa a Berlin ya yi wuya, mai gidan yana son ganin takardun albashi, wurin aiki yana jiran lambar haraji, lambar harajin kuma sai an yi rajista take zuwa ta gidan waya. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda ƙasar ke rayuwa a kan wasiƙa. Idan babu sunanka manne a akwatin wasiƙun ƙofar gida, katin banki da na inshora komawa za su yi inda suka fito. Daga cikin wasiƙun farko akwai ta kuɗin rediyo da talabijin, Yuro 18.36 kowane wata a kan kowane gida, ko kana kallo ko ba ka kallo.

Baƙon da Allah ya ba shi biza, ya riƙe takardar gayyata da inshora da tikitin dawowa a jakar hannu, don jami'in iyaka na da ikon tambaya, yana kuma da ikon mayar da mutum. Nama da madara da duk abin da aka yi da su, ɗanye ko busasshe, ba sa shiga Tarayyar Turai a jakar matafiyi, komai son da ake yi wa wanda za a kawo wa tsarabar. Tsabar kuɗi daga Yuro 10,000 sai an bayyana wa kwastan.

Filin jirgin Berlin Brandenburg, wanda aka buɗe a 2020, yana shiyyar C ne cikin shiyyoyi uku (A, B da C) da aka raba sufurin Berlin da kewayenta, don haka tikitin ABC ake saya zuwa cikin gari. Tashoshin jirgin ƙasa ba su da shinge, kowa shiga yake yi abinsa, sai baƙo ya ɗauka kyauta ne. Tikitin takarda sai an buga shi a ɗan akwatin da ke bakin dandamali, in ba haka ba daidai yake da babu, masu bincike kuma cikin kayan gida suke shigowa, tarar Yuro 60. Ranar Lahadi manyan kantuna a rufe suke, sai 'yan kaɗan a manyan tashoshi. A riƙe 'yan canji, don ƙananan wuraren cin abinci da yawa ba sa karɓar kati. Jan layin da ke gefen hanyar masu tafiya a ƙasa na masu keke ne, kuma ba sa wasa da shi.

Naman halal da masallatai ba sa wuya a unguwannin Neukölln da Wedding da Kreuzberg. Masallacin Şehitlik na nan gefen tsohon filin jirgin Tempelhof. Lokutan salla ne dai ke rikita sabon zuwa: a Disamba rana kan faɗi kafin ƙarfe huɗu na yamma, a Yuni kuwa sai wajen tara da rabi na dare. Hawa ƙubbar majalisar dokoki kyauta ne amma sai an yi rajista tun kafin ranar, ragowar katangar Berlin mai zane-zane kuma tana bakin kogin Spree, babu tikiti.

A jikin bizar akwai abu biyu da ake yawan haɗawa: ranakun da take aiki daga kaza zuwa kaza, da adadin kwanakin da aka yarda mutum ya zauna. Biza na iya aiki na kwana 45 alhali kwana 30 kawai aka ba ka, kuma ranar sauka da ranar tashi duk suna cikin lissafi. Tun Oktoban 2025 aka fara ɗaukar hoton fuska da zanen yatsu a iyaka, kwamfuta ce ke ƙirga kwanakin, kuma kwana ɗaya da ya ɗoru a kai zai bayyana ranar da ka sake neman wata bizar.