Tsohon fim ɗin da ya nuna mini yadda Tulsa ta rabu

Duk baƙon da ya zauna a Tulsa, a jihar Oklahoma ta Amurka, ba zai daɗe ba wani zai tambaye shi ko ya kalli The Outsiders. Ni a asibitin da nake aikin jinya aka fara yi mini tambayar, cikin aikin dare. Mutanen garin nan sun ɗauki fim ɗin a matsayin nasu na gado, kuma suna da hujja. A titunansu Francis Ford Coppola ya ɗauke shi a 1982, ya fito a 1983. Littafin da aka ciro labarin daga ciki 'yar garin ce ta rubuta shi, S. E. Hinton, tun tana ɗaliba a sakandaren Will Rogers, aka buga shi a 1967.

Labarin samari ne gida biyu. Akwai 'ya'yan talakawa na arewacin gari, masu shafe gashi da mai, ana ce musu Greasers. Akwai 'ya'yan masu kuɗi na kudu, Socs, masu yawo a mota suna neman wanda za su daka. Ponyboy, ƙaramin maraya da yayyensa biyu ke riƙo, ya haɗu da Cherry, budurwar ɗaya daga cikin 'yan kudu, a silimar da ake kallo daga cikin mota. Hira kawai suka yi. A daren nan saurayinta da abokansa suka tare shi, suka danna kansa cikin ruwa, abokinsa Johnny ya zaro wuƙa ya kashe saurayin. Daga nan sai gudu, sai gobara, sai mutuwa a kan mutuwa.

Mun kalle shi a gida ne lokacin da aka ba babban ɗana littafin a makaranta, domin yara da yawa a Amurka suna karanta shi a ƙaramar sakandare. Maigidana bai jira an gama ba ya yanke hukunci. Ya ce 'yan daba ne aka wanke aka shafa musu mai. Shi a cikin birnin Kano ya tashi, ya san abin da ake nufi idan aka ce an rufe lungu, ya san uwar da ta binne ɗa saboda faɗan unguwa. Abin da ya fi ɓata masa rai shi ne yadda yaro ɗan shekara 14 ke zuƙar sigari daga farkon fim har ƙarshensa, kuma an shirya komai don mai kallo ya tausaya masa. Ɗana kuwa cewa ya yi, "Abba, ai su ake bi ana duka. Wa zai kare su?" Na bar su suna yi, domin hankalina yana wani wurin.

Wurin da ya tsaya mini a rai shi ne inda Cherry ke gaya wa Ponyboy kada ya ji haushi idan ta gan shi a makaranta ba ta gaishe shi ba. Ba ta ƙi shi ba. Tsoron idon mutanenta take yi. Duk wanda ya yi baƙunta a ƙasar nan ya san irin wannan. Akwai wadda za ku kwana kuna juya majinyaci tare, ku raba abinci, ta ba ki labarin aurenta da ya mutu, amma ku haɗu a kanti tana tare da danginta, ke kina sanye da hijabi, sai gaisuwar ta gajarce. Ba na cewa kowa haka yake. Cikin waɗanda suka fi riƙe ni da amana a garin nan akwai turawa. Amma abin yana faruwa, kuma yana da ciwo, kuma ban zaci zan ga an faɗe shi ƙarara a fim ɗin da ya haura shekara 40 ba.

A wurin aiki ra'ayi ya kasu. Dattijan matan da suka yi 'yanmatancinsu a lokacin, su samarin fim ɗin suke tunawa: Matt Dillon, Patrick Swayze, Rob Lowe, Ralph Macchio, har da Tom Cruise tun bai zama kowa ba. Wata ta ce duk lokacin da ta kalli mutuwar Johnny sai ta yi kuka. Wani mai tura gadon marasa lafiya ya ce fim ɗin ya cika zaƙi, samarin da ya sani a unguwarsu ba sa zama suna karanta wa juna waƙa suna kallon fitowar rana. Akwai ma masu gardama a kan kiɗa kawai, domin a 2005 Coppola ya sake fitar da fim ɗin da ƙarin minti 22, ya cire yawancin kiɗan da mahaifinsa Carmine ya tsara, ya sa waƙoƙin zamanin 1960. Wannan gardamar ba ta dame ni ba.

Wadda ta sauya mini kallon fim ɗin wata abokiyar aikina ce, baƙar fata, haifaffiyar arewacin Tulsa. Ta saurari kowa, sannan ta dube ni ta ce, "'Yar'uwa, ki sake kallo, ki gaya mini mutum nawa kika gani masu kama da ni da ke." Ta ce an ba da labarin talaucin arewacin gari, an bar mutanen da suka fi kowa ɗanɗana shi. A bakinta na fara jin labarin Greenwood dalla-dalla: unguwar baƙaƙen fata mai kasuwanci da otal-otal da likitoci, wadda gungun fararen fata suka ƙone a ranakun 31 ga Mayu da 1 ga Yuni na 1921. Kimanin layuka 35 suka zama toka, masana tarihi kuma na ƙiyasin waɗanda aka kashe za su iya kai 300. Mutanen suka sake gina unguwarsu da hannunsu, daga baya aka zo aka ratsa ta da babbar hanyar I-244. Kakarta ta girma cikin mutanen da suka ga wutar da idonsu amma ba sa son ɗaga maganar.

Ba ta ce fim ɗin ƙarya ba ne. Yarinya 'yar sakandare ta rubuta abin da ta gani a makarantarta, a zamanin da gari ke rabe, kuma ta yi gaskiya a iya inda idonta ya kai. Ni ma haka nake gani. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a miƙa wa baƙo wannan fim a ce masa ga Tulsa. Rabinta ne.

Rabuwar kuwa tana nan har gobe. Titin Admiral ne ke raba adireshin gari zuwa arewa da kudu, kuma lokacin da muke neman gidan haya kusan duk wanda muka tambaya, har da 'yan'uwanmu 'yan Afirka da muke haɗuwa a masallacin Al-Salam, shawara ɗaya ya ba mu: ku yi kudu, can makarantu da kantuna suke. Muka bi, domin mai yara ba ya gwaji da karatunsu. Amma ina sane da cewa na zo jiya-jiya da takardar aiki a hannu, na samu zaɓin da wasu da kakanninsu suka gina garin ba su samu ba. Wannan yana damuna, kuma ba na son 'ya'yana su tashi suna jin tsoron wani ɓangare na garinsu saboda abin da aka gaya musu.

Gidan da aka ɗauki fim ɗin a ciki yana nan a arewa. Mawaƙin nan Danny Boy O'Connor ya saye shi a 2016, ya gyara, aka buɗe shi a matsayin gidan tarihi a 2019. Ɗana ya matsa sai mun je, na ce to, da sharaɗin daga can mu wuce cibiyar tarihi ta Greenwood Rising, wadda aka buɗe a 2021, tafiyar 'yan mintoci ce a mota. A wurin farko ya yi ta ɗaukar hoto. A na biyun ya yi ta tambayoyin da ba ni da amsarsu duka, don haka na gayyaci abokiyar aikin tawa cin tuwo ranar hutunmu, ta zo da mahaifiyarta, yaran suka zauna suka ji daga bakinsu. Maigidana har yanzu yana kan bakansa game da 'yan daba, amma shi ya fi kowa yi wa tsohuwar tambaya a ranar.