Damina ɗaya ta kusa cike mini kududdufi da laka

Filin da na karɓa haya a bayan Bukuru, manomi ba zai kira shi gona ba. Tuddan jar ƙasa ne da tsakuwa, sai wani kududdufi mai zurfi daga gabas. Duk wanda ya san Jos da Barikin Ladi ya san irin waɗannan wurare. Tun farkon shekarun 1900 kamfanonin Turawa ke haƙar kuza a nan, su buɗe ƙasa su jibge ta gefe, har farashin kuza ya rushe a duniya a 1985. Dokar ma'adinai ta 2007 ta ce mai haƙa ya gyara inda ya haƙa, amma ramukanmu sun girmi dokar. Kududdufin ne ya ja ni, don ba ya ƙafewa da rani, ni kuwa kabeji da karas nake son yi.

A watan Fabrairu na ɗauko katafila ta yi kwana uku. Ta baje tuddan, fili ya yi sumul, gangara ɗaya tak daga sama har bakin ruwa. Ina tsaye ina jin daɗi sai ga dattijon da ke da lambu a ƙasa da ni, wanda ya yi leburancin kuza da ƙuruciyarsa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ɗana, ina hanyar da ka bar wa ruwa?" Na ce, "Baba, ai ga kududdufi nan, can zai gangara." Ya ce, "Zai gangara kam, amma ba shi kaɗai zai tafi ba."

Ruwan farko mai ƙarfi ya sauka a ƙarshen Afrilu, da dare. Da gari ya waye na tarar da kwazazzabo har gwiwa ya raba filin biyu. Inda katafila ta taka ya danƙare, ruwa bai shiga ba, sai gudu. Inda ta tura sabuwar ƙasa kuma ya wanke kamar gari. Kududdufi ya koma ja wur, bakin tiyon injina ya nutse a laka, yashi ya binne kunya shida na dankalin Baba. Na biya shi, amma kunyar da na ji ta fi kuɗin ciwo.

Shi ne ya kama hannuna ya kai ni can sama, wajen iyakar filin, ya nuna mini wata tsohuwar magudana da ciyawa ta rufe. Ita ce ake jawo ruwan wankin kuza da ita a da. Katafilata ta datse bakinta, ruwan tudun gaba ɗaya ya juyo kaina. Wato rabin ruwan da ya yi mini ɓarna ba a gonata ya sauka ba. Don haka aikin farko a sama muka yi shi: muka haƙa lambatu ya tare ruwan waje, ya zagaya da shi ta gefe zuwa rafi, muka shimfiɗa masa duwatsu. Da tiyon ruwa irin na magina muka auna gangararsa. Inda muka bari ya yi tsaye da yawa, ruwa ya ci gindinsa. Inda ya kwanta sosai, yashi ya toshe shi. Sau biyu muka sake shi.

Kwazazzabon ne ya fi ba ni wahala. Shingen farko da na yi, buhunan yashi na jera, dogo, samansa a miƙe. Ruwa ya zo ya taru, ya bi ta gefe, ya buɗe sabuwar hanya da ta fi ta da faɗi, buhunan kuma rana ta ruɓar da su. Sai muka koma duwatsu, ƙananan shingaye da yawa waɗanda ba su wuce gwiwa ba. Tsakiyar kowanne a ƙasa take, gefuna a sama kuma a cuse cikin bangon kwazazzabo, domin ruwa ya tsallake ta inda muke so. A gindin kowanne mun zuba duwatsu inda ruwan ke faɗowa, in ba haka ba nan zai fara haƙa. Tazararsu kuma, kan na ƙasa ya yi daidai da gindin na sama. Duwatsun ba sa hana ruwa wucewa, rage masa gudu kawai suke yi, sai ya sauke yashin da ya ɗauko.

Kafin kududdufi muka haƙa ramin tarar laka. Na so in yi shi mai zurfi, Baba ya ce tsawo ake nema, mashiga a wannan ƙarshe, mafita a wancan, ruwa ya samu lokacin kwantawa. Abin da ban lissafa ba shi ne kwasa. A Agusta duk mako sai mun shiga da shebur da baro, in ka yi sake ya cika, to kamar babu shi. Lakar da muke kwasowa ba ta tafi a banza ba, da ita na haɗa taki da tokar juji na yi ƙasar sama, tunda ta ainihi tuni masu kuza suka binne ta.

Akwai abin da shinge da rami ba su iya ba. Yashi yana kwantawa nan take, amma jar laka mai laushi tana yin kwanaki a cikin ruwa. Maganinta kada ta taso tun farko. Muka yanka gangarar hawa-hawa, muka dasa jema a layi a bakin kowane hawa, muka rufe sauran da karan masara, muka watsa wake. An ba ni shawarar itacen turare, irin wanda aka dasa a tsofaffin filayen kuza da yawa a yankin. Na ƙi, don na ga ƙarƙashinsu fayau yake, ni kuma a lokacin abin da zai rufe ƙasa nake nema.

Damina ta biyu ta wuce, dankalin Baba bai ga yashina ba. Har yanzu in aka yi ruwa mai ƙarfi kududdufin kan yi ja na kwana biyu ko uku, kuma akwai kusurwar arewa da jema ta ƙi kamawa saboda tsakuwa. Can zan kai duwatsu a watan Maris, kafin hadari ya fara haɗuwa.