Gyaran bangon gidan dutse na mutanen Holan a kwarin kogin Hudson

Gidan da muka gyara yana kusa da Hurley, a jihar New York ta Amurka, cikin gidajen dutsen da mutanen Holan da jikokinsu suka bari. Yankin na hannun Holan har 1664 da Ingila ta karɓe shi, amma salon ginin bai sauya nan take ba. Gidan Pieter Bronck da ke Coxsackie tun 1663 yake tsaye. A Kingston ma, da sojojin Birtaniya suka cinna wa garin wuta a 1777, katako ne ya ƙone, bangaye da dama suka tsira aka sake yi musu rufi.

Kaurin irin wannan bango ya kai santimita 50 zuwa 60. Da yumɓu aka ɗora duwatsun daga ciki, bakin gaɓoɓin, wato tsakanin dutse da dutse, kawai aka like da kwaɓin farar ƙasa (laim, wadda ake samu daga ƙonannen dutse) da yashi. Wannan kwaɓi ya fi dutsen laushi, yana shan ruwa yana fitarwa, kuma shi aka yi don ya riƙa cinyewa a madadin dutsen. Abin da muka tarar shi ne wani ya bi gaɓoɓin da siminti shekaru da dama da suka wuce. Siminti na tsagewa siriri, ruwa ya shiga ya rasa mafita, sanyin hunturu ya mayar da shi ƙanƙara, ya kumbura ya ɓare fuskar dutse. Wanda ya taɓa ganin katangar ƙasa da aka yi wa filastar siminti tana zubowa ta ciki ya san ciwon. Da muka ɓalle wani yanki a bangon arewa, yumɓun da ke baya ya zama taɓo, bakin babban katakon da ya shiga bangon kuma yatsa na nutsewa cikinsa.

Ba mu taɓa gaɓa ko ɗaya ba sai da muka gyara indararo, muka rage ƙasar da ta taru a gindin bango don ruwa ya gangara nesa. In ba haka ba, aikin banza ne.

Da guduma da ƙarfe mai siririn baki muka cire simintin. Injin yanka ya fi sauri, amma yana cin gefen dutse, kuma wannan ba ya gyaruwa. Zurfin da ake ƙwaƙulewa ninki biyu zuwa biyu da rabi ne na faɗin gaɓar: gaɓa mai santimita 2 a shiga 4 zuwa 5. Kada a buɗe fili mai yawa lokaci guda, domin ƙananan duwatsun da aka cusa a tsakani su ke tallafe da manya. Wanda ya faɗo a mayar da shi gurbinsa.

Kwaɓinmu awo ɗaya ne na jiƙaƙƙiyar farar ƙasa, wadda ta kwana cikin ruwa aƙalla wata uku, da awo uku na yashi mai tsakuwa-tsakuwa. Yashi mai laushi na sa tsagewa, yawan ruwa ma haka. Kwaɓin da ya yi daidai yana dunƙuluwa a hannu ba ya ɗiga. A sa tabarau da safar hannu, farar ƙasa na ƙona ido da fata.

Ana yayyafa wa bango ruwa tun jajibiri, a ƙara kafin a fara, in ba haka ba busasshen dutse zai tsotse ruwan kwaɓin ya bar shi gari. Sai a cusa kaɗan-kaɗan, kamar santimita 1, a danne sosai, a jira ya ɗan ƙame kafin a ƙara. Idan na ƙarshe ya kai yadda babban yatsa ke barin ɗan shaida kawai, a bubbuga shi da buroshi mai tauri.

Farar ƙasa iska take sha a hankali kafin ta yi ƙarfi, bushewa da wuri kuwa kashe ta yake yi. Mun rufe bangon da jiƙaƙƙun buhunan algarara na mako guda. Ba a aikin idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 5 na ma'aunin Celsius, shi ya sa muka tsaya makonni shida kafin ƙanƙarar farko, muka bar bangon gabas sai bayan hunturu.