Abin da rubuta waƙar yara a talabijin ya koya min

Yaro ya haddace waƙa daban, ya gane abin da ke cikinta daban, kuma wannan ne babban abin da na koya tun da na shiga aikin shirin talabijin na ƙananan yara, irin shirin nan da komai da waƙa ake koyar da shi, ƙirga ne, launuka ne, wanke hannu ne, ko yadda za ka ba abokin wasanka haƙuri. Masu kallonmu 'yan shekara uku zuwa biyar ne, waɗanda ba su shiga firamare ba tukuna. Nawa aikin rubuta baituka, sai mu zauna da mai kiɗa mu ɗora musu kari, daga nan a wuce situdiyo.

Cewa waƙa tana manne wa yaro ba sabon labari ba ne. Ita Joan Ganz Cooney, wadda ita da Lloyd Morrisett suka assasa Sesame Street, shirin yara na talabijin da aka fara nunawa a Amurka a watan Nuwamban 1969, abin da ta lura da shi ke nan, yara suna yawo da waƙoƙin talla a bakinsu ba wanda ya zaunar da su ya koya musu, sai ta ce to me zai hana a tallata musu haruffa da lambobi ta wannan hanyar. Dabarar ta yi aiki. Amma mannewa rabin aiki ne kawai.

Mu a wajen aikinmu ba a sakin waƙa sai an gwada ta a gaban yara. Bidiyon tun yana ɗanye, ko kala ba a gama gyara masa ba, ake ɗauka a kai wata makarantar nazare a kunna, mu kuma mu koma gefe da takarda da biro muna kallon fuskokinsu. Akwai wata waƙar ƙirga da muka kai, nan take suka cafe ta, suna tsalle suna ɗaya biyu uku har goma ba gargada. Da aka gama sai mai kula da ɓangaren bincikenmu ta zube murafen kwalba a kan tebur, ta kira wata yarinya da bakinta ya fi na kowa tashi, ta ce "zo nan 'yar kirki, ba ni guda uku". Yarinyar ta sa hannu biyu ta kwaso iya abin da ta kwaso ta miƙa mata tana murmushi. Aka ce to ƙirga mana su, ta hau ƙirgawa da karin waƙar nan sak, wani murfin ta taɓa shi sau biyu, wani ta tsallake, don bakinta ya fi yatsanta sauri. Aka ce nawa ne ke nan? Sai ta sake farawa daga ɗaya.

Ba wai yarinyar ba ta da kai ba ne, haka kowane yaro yake bi. Wata mai bincike, Karen Wynn, ta yi wannan gwajin na "ba ni kaza" tun 1990, ta nuna yaro yana iya jero lambobi tun kafin ya san ma'anarsu, ya fara gane ɗaya, sai bayan watanni ya gane biyu, sannan uku, kafin can ya farga cewa lambar ƙarshe da ka faɗa ita ce adadin abin gaba ɗaya, kuma tsakanin iya jerowa da wannan fargar sai a ɗauki wajen shekara. To ka ga waƙar da ke gudu daga ɗaya zuwa goma jeri kawai take koyarwa, jerin ma yana da amfani, amma ba shi ne ƙirga ba. Yanzu in zan rubuta waƙar lissafi ba na wuce uku ko huɗu a baiti, kiɗan ya sassauta, hannu ya taɓa abu ɗaya a kan kowane bugu, a ƙarshe kuma a tattara su waje guda a ce uku, dukansu uku ne. Wannan ɗan layin na ƙarshe ya fi sauran baitin muhimmanci a wajena.

Sai maganar shiru, wadda har gobe muna ja-in-ja da masu tace bidiyo a kanta. Edita in ya ga sakan uku ba sauti hankalinsa tashi yake, gani yake an bar rami. Amma yaro ɗan shekara uku sai ya ji tambaya, ya juya ta a kansa, ya nemo kalmar, sannan bakinsa ya buɗe, in ka rufe gurbin da kiɗan ganga ka ƙwace masa amsar tana bakinsa. Wani shirin yara na Amurka, Blue's Clues, da aka fara a 1996 a kan wannan ya yi suna, mai gabatarwa zai yi tambaya ya kalli kyamara ya yi shiru na gaske yana jira. A waƙa ma haka ne, dole a bar wa yaro gurbin amshi, a rera rabin layi a tsaya shi ya ƙarasa. In kana ɗakin gwaji ka ji yara sun cike gurbin nan da kansu, wallahi wani irin daɗi ne da ban san yadda zan kwatanta shi ba. Blue's Clues ɗin nan ne kuma ya riƙa maimaita kashi ɗaya kwana biyar a jere, don lokacin da mu manya waƙa ta fara gundurarmu, lokacin ne yaro ya fara mallakarta.

Hayaniya kuwa na daina yarda da ita. Ana yawan cewa sai an sa kiɗa mai zafi da hotuna masu saurin canzawa kafin yaro ya zauna. Tun farkon Sesame Street, mai binciken shirin, Edward Palmer, yana ajiye majigi a gefen talabijin yana canza hoto kowane 'yan sakanni don ya ga inda idon yara zai bar shirin, daga baya kuma binciken Daniel Anderson da abokan aikinsa ya nuna yaro yana kallo ne in yana gane abin da ake yi, in ya daina ganewa ya kau da kai. Har sun ba wasu yara kayan wasa suna kallo, kallonsu ya ragu kusan rabi amma abin da suka fahimta bai ragu ba, wato kunnensu na kan shirin, sun san lokacin da ya kamata su ɗago. Ni ma na sha gani, yaro ya ba talabijin baya yana wasa da takalminsa, da an saki muryar yaro ɗan'uwansa a waƙar sai ya waiwayo. Shi ya sa nake naci a sa muryoyin yara a amshi, a kuma rage kiɗa a wajen haɗa sauti har sai kowace kalma ta fito tas. Mawaƙin da ya ƙware ma sai an roƙe shi ya ajiye gwaninta, ban da jan murya da lanƙwasa, saboda muryar ƙaramin yaro 'yan matakai kaɗan take iya hawa, in waƙar ta fi ƙarfinsa sai ya koma ɗan kallo. A harshe mai karin sauti irin Hausa kuma in kiɗa ya ja kalma sama alhali ƙasa take zuwa, wata kalmar daban yaron zai ji.

Wani abu da ke ba ni tsoro shi ne abin da ba ka so ma yana mannewa. In ka yi baiti uku kana nuna 'yar tsana tana ƙwace kayan wasa, sai a baiti na huɗu ta tuba, yawancin yaran ƙwacen suka tafi da shi gida. Su kansu masu Sesame Street a 1992 sun shirya wani kashi a kan rabuwar aure, da suka gwada suka ga yara sun ɗauki saƙon a baibai, wasu har suna zaton iyayensu za su daina son su, sai suka ajiye shi ba a taɓa nunawa ba, duk da kuɗin da aka kashe. Wannan ƙarfin halin ina girmama shi sosai. Ni dai abin da nake so yaro ya yi shi nake sa wa a amshi, abin da ba na so ya yi kuma ba na ba shi kari mai daɗi.

Iyaye suna yawan tambayata awa nawa ya kamata yaro ya kalla. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta ce ɗan shekara biyu zuwa huɗu kada ya wuce awa ɗaya a rana a gaban allo, in ya gaza haka ma ya fi, ƙungiyar likitocin yara ta Amurka kuma tun 2016 take cewa babba ya zauna a kalla tare. Ina tare da su ɗari bisa ɗari duk da a talabijin nake cin abinci, kuma wannan ya canza yadda nake rubutu, tunda lokacin da nake da shi da yaron kaɗan ne, waƙar dole ta iya rayuwa bayan an kashe talabijin. Shirin yaran nan Daniel Tiger's Neighborhood da ya fito a 2012 haka yake yi, ɗan layi ɗaya ko biyu da ake ta maimaitawa a kashin, yadda uwa za ta iya ɗauko shi lokacin da yaro ke birgima a ƙasa yana kuka. Yanzu kafin in miƙa waƙa sai na cire kiɗan gaba ɗaya na rera ta da baki zalla, in ga ko mutumin da ya gaji, hannunsa da sabulu, yana riƙe da yaro a bakin famfo, zai iya tuna ta. In ta wuce layi biyu ko sai da piyano take tsayuwa, komawa nake in rage. Bayan sati biyu da gwaji kuma muna kiran iyayen mu tambaye su ko sun rera ta a gida, a wane lokaci, kuma me yaron ya yi da ya ji.