Kallo dubu goma, dala biyar: yadda lissafin tashar YouTube yake

Daga mai ɗinkin hula a cikin birnin Zariya zuwa mai gyaran waya a Sabon Gari da ɗalibar Samaru mai koyar da girki, duk wanda ya buɗe tashar YouTube ƙorafinsa ɗaya: mutane suna kallo, amma ko sisi bai shigo ba.

Kafin a raba kuɗin talla da kai, sai tasharka ta tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12, ko kallo miliyan 10 na Shorts, wato gajerun bidiyoyin YouTube, cikin kwana 90. Awa 4,000 minti 240,000 ke nan. In mai kallo yana tsayawa minti uku, sai an kalle ka sau 80,000. In minti shida yake yi, 40,000 sun wadatar. Kallon da ake yi a jerin Shorts ba ya shiga cikin awannin nan, kuma nan ne mutane da yawa ke shan mamaki.

Abu biyu ke sa YouTube ya ci gaba da nuna bidiyo ga sababbin mutane: yawan masu dannawa in sun ga hoton gabansa, da tsawon zaman da suke yi bayan sun danna. Alƙaluman duka biyun suna cikin YouTube Studio, shafin da mai tasha ke duba bayanan tasharsa. A na farkon, kamfanin da kansa ya ce rabin tashoshi suna tsakanin kashi 2 zuwa 10 cikin ɗari. In naka ya yi ƙasa, duba hoton: a ƙaramar waya, rubutu mai kalma goma ba ya karantuwa. Hula ɗaya da ta cika hoton, da kalma uku manya, sun fi. Take kuma a rubuta shi yadda mutane ke nema. Yawanci ba sa sa lanƙwasa in suna bincike, "yadda ake dinkin hula" suke bugawa.

Na biyun ya fi cin mutane. Buɗe zanen da ke nuna inda masu kallo suke fita, ka dubi daƙiƙa 30 na farko. Mu gaisuwa ce al'adarmu, amma in aka kwashe minti ɗaya da rabi ana sallama, ana barka da sake saduwa, ana roƙon a danna ƙararrawa, layin zai gangaro kamar tudu. Mai sayen data da guminsa ba ya jira. Yi sallama a taƙaice, nuna hular da aka gama, sannan ka koma kan zare da allura. Sauti ma haka: mutum zai haƙura da hoto mai ɗan dishi-dishi, amma ba zai jure ƙarar janareta da hon ɗin 'yan acaɓa ba. Ƙaramin makirufo na maƙalawa a wuyan riga ya fi sabuwar waya amfani.

Wani kuskure da ya zama ruwan dare: tura bidiyon kansa a zauren WhatsApp. Ko mutum ɗari biyar sun kalla a can, YouTube bai ƙirga ko ɗaya ba. Adireshin bidiyon ake turawa.

Sai kuɗin. A dogon bidiyo kashi 55 na kuɗin talla naka ne, a Shorts kashi 45. Adadin da za ka sa wa ido shi ne RPM, wato abin da ya rage maka a kowane kallo dubu. A misali, in RPM ɗinka rabin dala ne, kallo 10,000 dala biyar ne kacal. Masu talla sun fi biya kan mai kallo da ke Amurka ko Ingila fiye da na Najeriya ko Nijar, don haka tashoshi biyu masu kallo daidai suna iya bambanta nesa ba kusa ba. Farashin talla yakan tashi daga Oktoba zuwa Disamba, ya faɗi a Janairu. Ba tasharka ce ta lalace ba. Bidiyon da ya kai minti takwas ana iya sa masa talla a tsakiya, sai dai jan zance don kawai a cika takwas ɗin yana korar mutane. Waƙar wani kuwa, ko a bayan fage take tashi, na'urar YouTube tana iya gane ta, kuɗin ya tafi wa mai waƙar.

Biya ta AdSense, tsarin Google na biyan kuɗin talla, yake zuwa, sai an tara dala 100, tsakanin ranar 21 da 26 ga wata. Cike takardar harajin Amurka tun da wuri: in ba ka cike ba ana iya riƙe har kashi 24 na duk kuɗinka, in ka cike kuwa kashi 30 na abin da masu kallon Amurka kaɗai suka kawo za a cire. Da ka kai dala 10 za a aiko lambar sirri mai lamba shida ta gidan waya don tabbatar da adireshinka, kuma wata huɗu gare ka ka shigar da ita. Gidajen cikin lungu da yawa ba su da lamba, "bayan masallaci" kuma ba adireshin da wasiƙa daga ƙasar waje za ta gane ba ne. Sa akwatin gidan waya ko adireshin shagon da ke bakin titi, sunan kuma ya zo daidai da na katin shaidarka da na asusun banki.