Sai da na sayi injin gahawa uku kafin na san me nake nema

Injin farko da na saya, kwalinsa ne ya saye ni. An zana ɗan ƙaramin kofi a jiki, gahawa baƙa wuluk a ƙasa, kumfa mai ruwan zuma ta rufe samanta, a gefe kuma an rubuta "bar 15" da manyan haruffa. A lokacin ban san ko mene ne bar ba. Na dai ɗauka duk wanda lambarsa ta fi girma shi ya fi ƙarfi, mai ƙarfi kuwa shi ne mai kyau. Na kinkimo shi zuwa gida, na share masa wuri a kicin, na kwana ina ɗokin gari ya waye.

Da sassafe na buɗe ledar garin gahawar da na sayo tare da shi, na cika ɗan kwandon ƙarfen, na ɗaura hannun a jikin injin, na danna maɓalli. Kafin in ƙirga goma kofi ya cika. Kumfar kuwa tana nan kamar yadda aka zana, har na kira mai ɗakina ta zo ta gani. Da na kurɓa sai tsami ya kama min harshe, ɗaci ya biyo bayansa ya maƙale a maƙogwaro, ita kanta gahawar tsararo, ba kauri ko kaɗan. Na ce ƙila hannuna ne bai saba ba. Wata biyu na yi ina fama, in ƙara gari, in rage, in danna da ƙarfi, in danna a hankali, amma ɗanɗanon bai gusa ba.

Yayana ya taɓa aiki na wasu shekaru a gidan shan gahawa. Ranar da ya kawo mana ziyara na haɗa masa kofi ɗaya, ya kurɓa sau ɗaya ya ajiye.

"Ciro min kwandon nan in gani," in ji shi.

Ya ɗaga shi saitin taga, ya miƙo min. "Leƙa ciki. Huji nawa ka gani?"

"Ba sa ƙirguwa, Yaya."

"To juya bayansa."

A bayan huji ɗaya ne tak, kamar bakin allura. Ya ce wannan kwando ne mai gindi biyu, an yi shi ne don wanda ke amfani da garin leda. Ruwa yakan ratsa garin a guje, sai ɗan hujin nan ya matse shi ya feso shi da iska, shi ne kumfar da nake murna da ita. A inji na ainihi garin gahawar ne da kansa yake tare ruwa, ruwan ya sha wahala kafin ya ratsa, a wannan wahalar yake kwaso ƙamshi da maiƙo da zaƙin da ke cikin ƙwayar.

Ya kuma warware min zancen bar. Bar ɗaya kusan nauyin iskar da ke danne mu ne a bakin teku. Gahawar esfireso, wato gahawa mai kauri a ɗan ƙaramin kofi da irin wannan inji yake yi, tana bukatar matsi kimanin bar 9, da ruwa mai zafin digiri 90 zuwa 96. Lambar 15 ko 19 da ake rubutawa a kwali iyakar ƙarfin famfon ce in an toshe masa hanya, ba ta gaya maka komai game da abin da zai zubo a kofinka. Ita wannan kumfa da ake kira kirema ma ba ta daɗe a duniya ba. Injinan farko, irin wanda Luigi Bezzera ya yi wa rajista a 1901, da tururi suke tura ruwa, matsinsu kaɗan ne. Sai a ƙarshen shekarun 1940 da Achille Gaggia ya fito da inji mai sandar ja a birnin Milan aka fara ganin kirema. A 1961 kamfanin Faema ya kawo samfurin E61 mai famfon lantarki, tun daga nan bar 9 ya zama ma'aunin kowa.

Kafin ya tafi ya ce, "Ka bar zancen sabon inji tukuna. Nemi injin niƙa."

Na ji maganar, amma rabinta na ɗauka. Na sayo ƙaramin maniƙi mai wuƙa biyu da ke juyawa kamar farfela, don shi ne mai sauƙin kuɗi. Irin wannan sara yake yi, ba ya niƙa. In ka buɗe murfin za ka tarar wani ɓangaren ya yi lukwi kamar hoda, wani kuma tsaki-tsaki ne. Ruwa in ya shiga, hodar takan ba da duk abin da ke cikinta har da ɗacin, tsakin kuwa samansa kawai ruwan yake lasa, ya fito da tsami. Ɗanɗanon da nake gudu na sake tararwa, sai na gaji.

A cikin wannan gajiya na sayi inji na biyu, mai amfani da ƙananan kwanso da aka riga aka ɗura wa gari aka liƙe. Kamfanin Nestlé ne ya fara yaɗa wannan salo da sunan Nespresso a 1986, yanzu kuwa kamfanoni da yawa suna da nasu. Zan faɗi gaskiya a kansa, domin masu son gahawa sukan raina shi ba bisa adalci ba. Cikin minti ɗaya ka gama. Ba gari a kan teburi, ba wanke-wanke, kofin yau daidai yake da na jiya. Ga mai shan kofi ɗaya a rana yana sauri zai fita, ban san abin da ya fi shi ba. Ni ne dai bai dace da ni ba. Kowane kwanso giram 5 zuwa 6 kawai yake ɗauke da shi, ni kuwa babban kofi nake so, sai na fasa biyu ko uku a zama ɗaya. Da na zauna na lissafa abin da nake kashewa a kan kwanso a wata, na kwatanta da ƙwayar gahawa mai nauyi ɗaya, na ga bambancin ba kaɗan ba ne. Injin yana da araha ranar saye, kwanson ne ake ta biya har ranar da za a daina amfani da shi. Ga kuma tarin kwanson da ke cika kwandon shara, abin yana damuna duk lokacin da na je zubarwa.

Bayan shekara guda na koma ga maganar Yaya, wannan karon gaba ɗayanta. Na sayi injin niƙa mai haƙoran ƙarfe biyu da ke fuskantar juna kamar duwatsun niƙa, wanda ake iya matso da su ko a buɗa su, garin ya fito bai ɗaya. Na haɗa da ɗan sikeli mai auna har kashi ɗaya cikin goma na giram. Na kuma samo wa tsohon injina kwando mai gindi ɗaya, mai huji da yawa ciki da waje.

Ƙa'idar da ya ba ni gajera ce: giram 18 na gari a kwando, giram 36 na gahawa a kofi, cikin daƙiƙa 25 zuwa 30. Gwajin farko ya zubo cikin daƙiƙa 12, tsami zalla. Na matse haƙoran, na sake. Wannan karon injin ya yi ta gurnani, ɗigo ɗaya-ɗaya yake saukowa, ya haura minti, ɗaci kamar maɗaci. Na buɗa kaɗan. A gwaji na biyar ne na ga abin da ban taɓa gani ba a kicin ɗina: daƙiƙa shida ba abin da ya fito, sai ɗigo baƙi mai kauri, sai ɗigon ya haɗe ya zama siririn zare mai ruwan ƙasa yana sauka a hankali kamar zuma daga cokali. Na tsayar da shi a giram 36. Ban sa sukari ba, amma akwai zaƙi a ciki, ga wani ƙamshi da ya zauna min a baki har bayan rabin awa. Injin nan da na yi wata da watanni ina zagi a raina, shi ne ya yi wannan.

Daga baya na fahimci dalili. Ruwa ba ya kwaso komai lokaci ɗaya. Tsamin ne yake fara narkewa, zaƙi ya biyo, ɗaci ya zo a ƙarshe. In ruwan ya wuce da sauri sai ka tsaya a kan tsami, in ya daɗe sai ka faɗa ɗaci. Laushin gari shi ne linzamin da ke riƙe gudun ruwan. Shi ya sa yanzu duk wanda ya tambaye ni, nakan ce ya raba kuɗinsa biyu tun kafin ya fita, kada ya zuba duka a inji ya dawo yana neman maniƙi da canjin da ya rage. Ƙwayar ma ta zama sabuwar suya. Gahawar da aka soya tana fitar da iskar kabon na tsawon makonni, wannan iskar ce ke haɗuwa da maiƙo ta zama kirema, da zarar an niƙa kuwa ƙamshin yakan fara gudu cikin mintuna. Ranar suya nake dubawa a jikin leda.

Inji na uku na saye shi ne ido buɗe, bayan na farkon ya mutu. Mutuwar tasa ma laifina ne. Ruwansa ya riƙa raguwa a hankali har ya tsaya cak, da mai gyara ya kwance shi sai ya nuna min bututun ciki ya toshe da wani farin abu mai tauri kamar ɓawon ƙwai. Gishirin da ke cikin ruwa ne, sinadarin kalsiyam, yake daskarewa duk inda ake tafasa ruwa. Shekara biyu ban wanke cikinsa ko sau ɗaya ba. Yanzu ruwan da aka tace nake zubawa, kuma ina wanke cikin da maganin da takardar injin ta ce, a lokacin da ta ce.

Abubuwan da na duba a wannan karon ba su da hoto a kwali. Na duba faɗin kwando, na zaɓi mai milimita 58 don shi ne girman da gidajen gahawa ke amfani da shi, kayansa ba sa wuyar samu, alhali ƙananan injina sukan zo da 51 ko 54. Na tambaya ko ana sayar da robar da ke rufe bakin hannun ita kaɗai, domin takan bushe ta tsage, in babu madadinta inji lafiyayye sai ya zama kwandon ajiya. Na duba wutar da yake ci, yawancinsu wat 1,200 zuwa 1,500 ne, da kuma ƙarfin wutar da aka yi shi dominta: wanda aka ƙera don Amurka na bolt 120 ne, in aka jona shi a wutar bolt 230 ƙonewa zai yi nan take. Sai batun tukunyar da ke dafa ruwa a cikin injin. Mai tukunya ɗaya sai ka gama gahawa ka jira ta ƙara zafi kafin ta ba da tururin kaɗa madara. Mai tukunya biyu yana yin duka a tare, amma ya fi tsada da girma nesa ba kusa ba. Mu biyu ne masu sha a gidan, jiran minti ɗaya bai kai abin da zan ninka kuɗi a kansa ba, na ɗauki mai ɗaya. Madarar ma nakan tsayar da ita a digiri 60 zuwa 65, in ta wuce haka zaƙinta yakan gudu.

Akwai abin da ban zata ba. Da na mallaki maniƙi mai kyau, sai na gano kayan da ba sa bukatar lantarki ma suna fitar da gahawa mai daɗi. Na sayi 'yar butar nan mai kusurwa takwas da Alfonso Bialetti ya fito da ita a Italiya a 1933, wadda ake ɗorawa a kan murhu. Matsinta bai wuce bar 1 zuwa 2 ba, don haka ba esfireso take yi ba, amma tana ba da gahawa mai ƙarfi da ke karɓar madara sosai. Na kuma sayi mazurari da takardar tacewa, dabarar da wata matar aure a birnin Dresden na Jamus, Melitta Bentz, ta ƙirƙiro a 1908 da takardar shan tawada daga littafin makarantar ɗanta. Giram 60 na ɓarzajjen gari ga lita ɗaya ta ruwa, a zuba a hankali, minti uku zuwa huɗu an gama. Takardar tana riƙe wani maiƙo da ake kira kafestol mai ɗaga kitsen jini, abin da ya sa mai ɗakina ta fi natsuwa da ita.

Da a ce tun farko wani ya zaunar da ni ya tambaye ni wane irin kofi nake sha da safe, babba ko ƙarami, da madara ko babu, minti nawa nake da shi kafin in fita, kuma ko zan jure wanke kwando da goge bututun tururi kullum, da na gane cewa ranakun aiki babban kofi baƙi nake so, ba tare da jiran inji ya yi zafi na kwata awa ba. Litinin zuwa Juma'a mazurarin nan nake ɗauka. Injin sai ƙarshen mako, lokacin da ba inda za ni.

Makon jiya Yaya ya sake zuwa. Na kunna injin tun kafin ya iso, na auna giram 18, na niƙa a gabansa, na danna garin ya kwanta daidai. Ya tsaya a bayana yana kallon agogon hannunsa har zaren ya tsinke.

"Ashirin da bakwai," in ji shi.

Ya shanye a tsaye, ya miƙo min kofin ya ce in ƙara masa.