Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Tantanin Sarewa da Fatar Jaki

A makon jiya mun tsaya inda na dawo daga Zhongtai, garin masu ƙera sarewa da ke yankin Yuhang a gefen birnin Hangzhou, riƙe da dizi (sarewar gora ta ƙasar Sin) ta farko da na mallaka. Doguwar nan ce da ake kira qudi, wadda mutanen kudancin Sin suka saba raka waƙoƙin wasan Kunqu da ita, muryarta a ƙasa, da taushi. Gajerar ta arewa, bangdi, ta fi ta tsini da ƙara.

Malamina, wanda nake kira Laoshi (wato malam da Sinanci), dattijo ne da ya yi ritaya daga wata ƙungiyar makaɗa. Da na miƙa masa sarewar ya jujjuya ta, ya yago salatif ya liƙe wata ƙofa da ke tsakanin ƙofar busawa da ƙofofin yatsu shida. Na ce, "Laoshi, ai nan ne wurin tantani." Ya ce, "Samari, bari mu fara jin muryarka tukuna. Tantani abin da ka ba shi yake ƙara wa ƙarfi, mai kyau ko maras kyau."

Muryar tawa kuwa a lokacin rabinta huci ne. Duk ɗan koyo haka yake farawa: ya cika kumatu, ya banka iska, jiri ya kwashe shi, sautin kuma bai fito ba. Abin da Laoshi ya yi ta nanata mini shi ne sarewa ba ta buƙatar iska mai yawa, siririya take so mai saiti. Leɓen ƙasa ya rufe kamar kashi ɗaya cikin huɗu na ƙofar busawa, ƙofar da ke tsakanin leɓɓa ta zama 'yar mitsitsiya, iskar ta je ta daki bakin ƙofar na can gaba ta rabu, wata ta shiga gora wata ta wuce. In ka mirgino sarewar ciki da yawa sauti ya dushe ya faɗi ƙasa, in ka mirgina ta waje ya haura sama, hucin ya dawo. Tsakanin biyun akwai wani ɗan gurbi, kuma kowane baki da nasa. Shi ya sa ya sa ni tsayuwa gaban madubi.

Sai dogon sauti. Murya ɗaya tak za ka kama, ka fara ta a hankali, ka ƙara mata ƙarfi, ka sauke ta har ta ƙare ba tare da ta yi rawa ba, numfashin yana tasowa daga ciki, kafaɗu a sake. Wallahi akwai gundura. Abokan zamana a ɗakin kwana sun sha tambayata yaushe waƙar za ta fara. Amma har yau ban ga abin da ya kai shi gyara sauti ba, kuma da na ji mai busa na kan gane ko ya yi wannan zama ko tsallake shi ya yi.

Da sanyi ya wuce ya ɓare salatif ɗin, muka shiga aikin dimo. Tantani ne da ake zarowa daga cikin karan wata ciyawar bakin ruwa, ana yankan ta wajen bikin Duanwu, a wata na biyar na kalandarsu. Siririntarsa kamar ta fatar cikin albasa. Ka yanki ɗan ƙyalle, ka murza shi ya yi laushi, ka ja shi a hankali har ƙananan tamoji su bayyana, sannan ka ɗora shi yadda tamojin za su gicciye tsawon sarewar. Wannan tamojin ne ke kaɗawa ya ba dizi amon nan nata mai ɗan ƙugi da haske. In ya ɗame da yawa, kamar ba ka sa komai ba. In ya saki, sai karkarwa, muryoyin sama kuma su ƙi fita.

Gam ɗin da ake liƙawa da shi ya fi tsaya mini a rai. Wani baƙin dunƙule ne mai suna ejiao, ana jiƙa shi da ruwa a goga a gefen ƙofar. Da fatar jaki ake dafa shi, garin Dong'e na lardin Shandong ne ya yi suna a kansa, kuma akasari don magani ake sayensa. Nan take na tuna yadda jakuna suka yi tsada a kasuwanninmu. Nijar ta hana fitar da su a 2016, Tarayyar Afirka ma ta haramta yanka su don fata a Fabrairun 2024. Na ba Laoshi labari, ya yi shiru, sannan ya shiga kicin ya ɗauko tafarnuwa ya yanka, ya ce ruwanta ma yana kamawa. Yana kamawa ɗin, sai dai wari. Da ita nake amfani har gobe.

Wasu malaman ba sa yarda da salatif sam, sun ce yana saba wa yaro busa da ƙarfi. Suna da hujja, don ranar da na fara busa da tantani sai da na rage iska sosai. Duk da haka ina bayan malamina, domin mai koyo ba zai iya rarrabe laifin bakinsa da na tantani ba in an haɗa masa su rana ɗaya.

Da damina ta sauka a Hangzhou cikin watan Yuni, laima ta dinga sakar mini tantanin, kullum sai na jiƙa gefensa na ɗan ja kafin darasi. A cikin wannan hali Laoshi ya sanar da ni cewa zan bi shi bakin tafkin Xihu, inda tsofaffin abokansa ke haɗuwa da safe, in busa a gabansu. Yadda muka kwashe da su, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.